Yadda Za Ku Tsara Ranar Gida Mai 'Yan Makaranta

Ƙarfe bakwai saura kwata. Safa ɗaya ta ɓace, ƙaramin yana kuka wai ba a sa masa hannu a takardar da malami ya bayar ba, babbar kuma sai yanzu ta tuna akwai jingar lissafi da ko buɗe ta ba ta yi ba. Ku kuwa murya har ta dashe. Duk mai 'yan makaranta a gida ya san irin wannan safiya. Na daɗe ina ɗora wa yarana laifinta, ina cewa nawa ce ta yi musu yawa. Daga baya na lura cewa duk rigimar da ke tashi da safe, tun daren jiya aka ƙulla ta: yaron da ya kwanta a makare, jakar da ba a buɗe ba tun dawowarsa, rigar da aka wanke ba a duba ko ta bushe ba. Shi ya sa wannan jagora za ta fara daga dare, domin a nan igiyar take.

Mataki na farko: ku yi mako guda kuna lura

Kada ku sauya komai tukuna. Ku samu takarda, kullum ku rubuta abu huɗu: lokacin da kowane yaro ya yi barci da gaske, ba lokacin da aka ce ya je ya kwanta ba, lokacin da ya tashi, lokacin da aka fita, da lokacin da aka fi ɗaga murya. Bayan kwana bakwai za ku ga rigimar ba ta watsu ko'ina ba, wuri biyu ko uku take taruwa. A gidana wajen neman kaya da safe ne, sai kuma wajen karɓe waya da dare. Idan kun san inda rufin yake yoyo, ba sai kun kware ɗakin gaba ɗaya ba.

Mataki na biyu: ku lissafa lokacin barci daga baya

A nan zan fi daɗewa, domin sauran matakan duk a kansa suke zaune.

A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da adadin da yanzu ake amfani da shi a ƙasashe da yawa: yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Lissafin mai sauƙi ne. Ku fara da lokacin da dole yaro ya tashi, ku ja baya. Ɗan shekara takwas da zai tashi ƙarfe shida, idan kuna son ya samu awa goma, to ƙarfe takwas ya kamata a ce barci ya ɗauke shi. Wato ya hau gado takwas saura kwata, an fara shirin kwanciya tun bakwai da kwata. Iyaye da yawa idan suka yi wannan lissafi sukan yi mamaki, don sai su tarar yaronsu kullum yana bin bashin awa ɗaya ko biyu.

Abin da ke ruɗar da mu shi ne, yaron da barci bai ishe shi ba ba lallai ne ya riƙa hamma ba. Babba idan ya gaji sai ya lafe, yaro kuwa sau da yawa sai ya ƙara ƙiriniya. Ya kasa zama wuri ɗaya, abu kaɗan ya sa shi kuka, ya tsokani ƙanensa, a aji hankalinsa ya ƙi tsayawa. Sai mu kira shi mai taurin kai alhali gajiya ce ke ɗawainiya da shi. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, don haka awar da aka yanke daga barci domin ƙarin karatu sau da yawa asara ce.

Idan yaronku ya saba kwanciya ƙarfe goma, kada ku ce daga yau takwas. Zai kwanta ido biyu, ya yi ta juyi, ku kuma ku ce tsarin bai yi ba. Ku riƙa matso da lokacin da kwata ɗaya duk bayan kwana biyu, lokacin tashi kuma ya tsaya daram. Cikin mako biyu zuwa uku za ku kai inda kuke so. A ranakun da babu makaranta kada bambancin ya wuce kamar awa ɗaya, in ba haka ba duk farkon mako sai kun sake sabon lale.

Shirin kwanciya ya zama iri ɗaya kowane dare, kuma a jere ɗaya: wanka ko wanke jiki, goge baki, kayan barci, sannan hira ko karatu na minti goma a bakin gado. Goge bakin nan kada a yi masa riƙon sakainar kashi. Sau biyu a rana, minti biyu, da man goge baki mai sinadarin fuloraid da ke kare haƙori daga ruɓewa. Wajen shekara shida ne turamen haƙora na dindindin suke fitowa can ciki, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, shi ya sa iyaye kan ɗauka na yarinta ne. Har yaro ya kai shekara bakwai ko takwas, ku riƙa tsayawa a kansa yana gogewa.

Ku rage haske yayin da lokacin ya matso. Duhu ne ke sa jiki ya saki sinadarin melatonin mai kawo barci, haske mai ƙarfi kuma yana jinkirta shi. Waya da talabijin su mutu awa ɗaya kafin kwanciya, kuma abin sha mai sinadarin kafin (caffeine), irin su kofi da shayi, ya tsaya tun da rana. Ga masu 'ya'yan da suka fara balaga, ku sani agogon jikinsu da kansa yake ja baya a wannan shekarun, barci ba ya zuwa musu da wuri kamar da. Ba rainin wayo ba ne. Abin da zai taimake su shi ne hasken safiya, tsayayyen lokacin tashi, da raba su da waya da dare.

Abu biyu da ba tsarin gida ne zai magance su ba: yaron da ke minshari mai ƙarfi kullum, numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa, a kai shi ga likita. Mai fitsarin kwance kuma ba da gangan yake yi ba, duka ko gori ba sa tsayar da shi. Idan ya wuce shekara bakwai yana yi, ko ya daina na tsawon watanni sannan ya dawo, shi ma a nemi likita.

Mataki na uku: minti goma sha biyar na shirin gobe

Kafin a shiga shirin kwanciya, kowa ya ɗauko jakarsa. A zazzage ta gaba ɗaya. A ƙasan jaka ne takardun sanarwa suke kwana har ranarsu ta wuce. A duba jadawalin gobe, a sa littattafan gobe kaɗai; ɗaukar littattafan mako duka a baya wahala ce da babu dalilinta. A fere fensir. A fitar da kayan makaranta tun daga riga har safa da takalmi, a ajiye wuri ɗaya. Duk takardar da ke son sa hannu a sa mata yanzu.

Ku ware wuri guda kusa da ƙofa, ko ƙusa ce a bango ko kwando, inda jakar kowane yaro za ta riƙa kwana. Wurin kada ya sauya.

Sharaɗin wannan mataki shi ne yaron ne zai yi, ku ido ne naku. Ɗan aji ɗaya ku yi tare da shi. Ɗan aji uku ya yi ku duba. Ɗan aji shida ya yi shi kaɗai, ku tambaye shi sau ɗaya kawai. Na san hannu yana ƙaiƙayi, domin abin da zai ɗauke shi minti goma ku cikin minti biyu za ku gama. Amma duk ranar da kuka shirya masa jaka kun ƙara masa kwana ɗaya na rashin iyawa.

Mataki na huɗu: safiya

Idan dare ya yi kyau, safiya ba ta da dogon bayani. Ku riga yara tashi ko da da kwata ɗaya ne, ku kintsa kanku. Ku rubuta jerin abubuwan safe a takarda ku manna a bango, wanda bai iya karatu ba a zana masa hoto: wanka, sa kaya, karin kumallo, goge baki, takalmi, jaka. Maimakon ku yi ta nanata umarni, sai ku ce, "Me ya rage a takardarka?" Babu talabijin, babu waya har a fita. Lokacin fita kuma ku sa shi minti goma kafin ainihin lokacin, saboda ranar da ruwa zai zube a riga.

Roƙo ɗaya nake yi: kada faɗa ya zama maganar ƙarshe da yaro zai ji kafin ya fita. Laifin da ya yi zai jira har yamma. Yaron da ya shiga aji da hawaye, darasin farko ya wuce shi.

Mataki na biyar: awar farko bayan dawowa

Yaro ya wuni yana zaune, yana bin doka, yana danne abin da ke ransa. Idan ya shigo gida ya fara ƙunƙuni, sau da yawa sauke kayan da ya ɗauko yake yi a inda ya fi amincewa. Kada ku tare shi da "Ina jingarka?" tun daga bakin ƙofa. Ya wanke hannu da sabulu, ya cire kayan makaranta, ya ci abinci, ya sha ruwa, ya huta.

Sannan ya yi wasa, wasa na gaske mai sa gumi. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla matsakaicin minti 60 a rana na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga. Gudu, ƙwallo, tsalle da igiya, keke, duk sun shiga. Yaron da wasa ya gajiyar da shi ba ya gardama da gado, kuma zama a waje cikin hasken rana yana rage haɗarin matsalar rashin hangen nesa a idon yara.

Game da hira, "Ya makaranta?" amsarta kullum "Lafiya" ce. Ku tambayi ƙaramin abu: "Da wa ka zauna lokacin tara?" ko "Me ya ba ku dariya yau?" Na lura yarana sun fi buɗe baki idan hannunmu yana kan wani aiki tare, muna ninke kaya ko muna tafiya, fiye da idan na zaunar da su ina kallon idonsu. A irin wannan hira ce za ku ji idan wani yana cin zalinsa. Yaron da ciwon ciki ko ciwon kai ke kama shi kullum da safen ranar makaranta, ya warke ranar hutu, akwai abin da yake gudu; ku bi a hankali har ku ji ko mene ne, sannan ku je ku ga malaminsa.

Mataki na shida: jinga ba tare da hawaye ba

Ku tsayar da lokaci ɗaya da wuri ɗaya. Ba sai tebur na musamman ba. Wuri mai haske, babu talabijin, kayan rubutu a cikin gwangwani ko akwati guda don kada neman abin gogewa ya cinye rabin lokacin. Ku sa lokacin kafin dare ya yi nisa.

Nawa ne ya isa? Akwai ma'aunin da malamai da yawa suke bi, wanda ake dangantawa da binciken Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka: kimanin minti goma a kowane aji. Ɗan aji ɗaya minti goma, ɗan aji uku minti talatin, ɗan aji shida awa ɗaya. Binciken nasa ya kuma nuna cewa alaƙar yawan jinga da ƙoƙari a jarrabawa ba ta da ƙarfi a firamare, sai a sakandare take ƙaruwa. Saboda haka idan ɗan aji biyu yana kwashe awa biyu kullum yana kuka, ku tsayar da shi, ku rubuta wa malami 'yar takarda cewa ga inda ya kai cikin lokaci kaza. Wannan bayani ne da malami yake bukata.

Ga yadda zaman zai kasance. Yaro ya karanta muku umarnin da bakinsa, ya faɗa muku abin da ya fahimta ake so. Rabin kuskure a nan yake, ba a fahimci tambayar ba. Ku yi misali ɗaya tare, sannan ku ja gefe ku kama wani aiki kusa da shi. Ƙarami ya yi minti goma zuwa sha biyar ya miƙe ya sha ruwa, babba ya kai ashirin da biyar. Idan ya maƙale, ku tambaye shi, "Nuna min inda ka fara ruɗewa." Kada ku karɓi fensirin. Jingar da uwa ko uba suka yi tana ɓoye wa malami ainihin inda yaro yake, sai ranar jarrabawa asiri ya tonu, kuma yaron ne zai sha kunyar shi kaɗai. Iyayen da ba su san darasin ba kada su karaya. Ku ce ya koya muku. Wanda ya iya bayyana abu da bakinsa ya fahimce shi.

Wajen shirin jarrabawa akwai abu biyu da aka daɗe da tabbatarwa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Minti goma sha biyar kullum na kwana huɗu ya fi awa ɗaya a daren jarrabawa. Na biyu, a 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗalibai, suka ga waɗanda suka rufe littafi suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. To ku karɓi littafin, ku yi masa tambayoyi, abin da ya kasa ya koma ya duba.

Ku kula da irin yabon da kuke yi. A wani bincike na 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun ga yaran da aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya da aiki ya yi wuya, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Ku faɗi abin da kuka gani: "Na ga ka sake gwadawa har sau uku." Kalmar "daƙiƙi" kuwa ku haramta ta a gidanku, ko daga bakinku ko daga bakin yayyensa. Yaron da ke ƙanƙance ido yana kallon allo, ko yake manna fuska a littafi, ko sai an kira shi sau uku, a duba idonsa da kunnensa kafin a yanke masa hukuncin rashin ƙoƙari.

Ko babu jinga, a yi karatun nishaɗi na minti goma sha biyar zuwa ashirin, da kowane harshe yaron ya fi jin daɗi. Kuma kada ku daina karanta masa don ya iya da kansa.

Mataki na bakwai: waya da talabijin

Doka kaɗan, amma wadda ba ta lanƙwasa. A gidana uku ce: sai an gama jinga da wasa, babu waya wajen cin abinci, kowace waya a falo take kwana a caji. Ku faɗi tsawon lokacin tun kafin a kunna, ku yi gargaɗi saura minti biyar, domin fizge waya a tsakiyar wasa shi ke kawo ihu. Ku san abin da suke kallo, wani lokaci ku zauna ku kalla tare. Facebook, Instagram da TikTok su da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, don haka ɗan firamare ba shi da hurumi a can. Ku kuma faɗa wa yaro tun wuri cewa idan ya ga abin da ya tsorata shi ko wani baƙo ya yi masa magana a intanet, ya zo ya gaya muku, ba za ku hukunta shi ba. Idan yana tsoron za a ƙwace wayar, ɓoyewa zai yi.

Dokar cin abinci da ta kwana a falo ta hau kan manya ma. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mataki na takwas: aikin gida da faɗan 'yan'uwa

Kowane yaro ya samu aikin da yake nasa, mace da namiji. Ɗan shekara shida zai iya gyara shimfiɗarsa, ya kwashe kwanonsa, ya tattara kayan wasa. Ɗan tara zai iya shara, wanke-wanke da ninke kaya. Ɗan sha biyu zai iya wanke kayan makarantarsa. Ku nuna masa, ku yi tare, sannan ku bar masa. Idan bai yi kyau sosai ba, kada ku sake yi a gabansa. Kuma a yi hattara da jibga wa babbar 'ya renon ƙanne har nata karatun ya sha ruwa. Ita ma yarinya ce.

Faɗa tsakanin yara ba ya ƙarewa, amma ba kowanne ne ke bukatar alƙali ba. Idan cacar baki ce, ku ba su dama su sasanta. Idan hannu ya shiga, ku raba su, kowa ya huce, sannan ku ji ta bakin kowa ba tare da katsewa ba. Ku guji "kai ne babba, ka haƙura" a kowane lokaci, da kuma "dubi ɗan'uwanka". Kwatance yana shuka ƙiyayyar da kan bi su har girma. Hukunci ya dace da laifin kuma ya zo nan take: wanda ya zubar ya goge, wanda ya wuce lokacin waya ya rasa na gobe. Duka yana tsayar da abu na ɗan lokaci, amma abin da yake koya wa yaro shi ne ya ƙware wajen ɓoye laifi. Uwa da uba, ko duk manyan da ke gidan, su daidaita bakinsu a bayan idon yara. Idan ɗaya ya hana ɗaya ya bayar, dokar ta mutu.

Minti goma da kowane yaro shi kaɗai, ko da sau biyu a mako, yana rage yawan tsokanar da asalinta neman kulawa ne.

Mataki na tara: zaman mako, da ranar da tsarin ya rushe

Daren da ya rage gobe a koma makaranta, ku zauna kwata ɗaya gaba ɗayanku. Me ke tafe a makon nan, jarrabawa, taron iyaye, kayan da aka ce a kawo? Me ya yi kyau makon jiya, me ya ba da wahala? Ku bar yara su kawo shawara, domin dokar da yaro ya sa baki a cikinta ya fi kiyaye ta. Duk zango kuma ku zaɓi abu ɗaya da kuke yi masa ku miƙa masa: wannan zangon tashi da ƙararrawar agogo, zango mai zuwa gugar kayansa.

Kada ku ɗauki matakan nan duka rana ɗaya. Ku fara da barci da shirin jaka, ku ba su mako uku, sannan ku ƙara na gaba. Za a yi rashin lafiya, za a yi baƙi, za a yi tafiya, komai ya watse. Washegari ku koma kan lokacin kwanciya kawai, sauran za su biyo baya. Ranar da kuka yi wa yaro tsawa fiye da laifinsa, ku same shi a bakin gado ku ce, "Ɗazu na yi maka faɗa da yawa, ka yi haƙuri." Girmanku ba zai ragu ba, kuma daga nan zai koyi yadda ake ba da haƙuri.

Dogon hutu shi ya fi rusa lokacin barci. Saura kwana goma a koma, ku fara matso da kwanciya da tashi da kwata ɗaya kowace rana, a gwada kayan makaranta da takalmi a ga ko sun matse, a wanke jaka a shanya, sannan a mayar da ita kan ƙusarta kusa da ƙofa.